Wa Ke da Alhakin Maganar da Ba Ta Isa Kunne Ba?

Akwai wata mas'ala wadda, ko da yake a kallon farko ta fi kama da sha'anin likitoci da maƙeran na'urori fiye da sha'anin ma'abota fiƙihu da hikima, ta cancanci a shimfiɗa buzu a zauna a kanta, domin ta shafi asalin abin da ya sa mutane suke taruwa wuri guda. Mas'alar ita ce: idan mutum ya yi magana a cikin majalisi, lafazin ya fita daga bakinsa sarai, amma bai isa ga ɗaya daga cikin waɗanda aka tara domin su ji shi ba, saboda rauni da ke kunnen wannan bawan Allah da kuma hayaniyar da ta cika wurin, to, a wuyan wa alhakin maganar nan da ta salwanta a hanya yake? A da, amsar da jama'a ta saba bayarwa ita ce, lalura ce daga Allah, mai ita yana da uzuri, babu wanda za a kama da laifi. A yau kuwa, da aka sami na'urar da ake maƙalawa a kunne domin ta ƙara ƙarfin sauti, da wadda likita yake dasawa can ciki ta hanyar tiyata, sai amsar ta sake kama, aka koma cewa, ai an saya masa na'ura, in bai ji ba shi ya sani. Abin da nake nufin tabbatarwa a wannan maƙala shi ne, amsoshin nan biyu duk sun gaza, kuma mafi yawan alhakin yana nan inda yake tun asali, wato a wuyan mai magana da jama'ar da ke kewaye da shi.

Kada mai karatu ya ɗauka mas'ala ce ta tsirarun mutane. Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahoton da ta fitar kan sha'anin ji a shekarar 2021, ta ƙiyasta cewa fiye da mutum biliyan 1.5 suna da wani mataki na raunin ji, daga cikinsu kimanin miliyan 430 raunin ya kai haddin da suke bukatar taimako, kuma kusan kashi 80 cikin 100 na waɗannan suna zaune ne a ƙasashe masu ƙarami ko matsakaicin arziki. A ƙasar Hausa sabubban ba ɓoyayyu ba ne: sanƙarau, wanda har yau akwai gidajen da ba su manta da annobarsa ta 1996 ba, ƙyanda da hangum, ciwon kunne mai zubar da mugunya da aka yi sakaci da shi tun yarinta, zazzaɓin Lassa, wanda yakan taɓa jin kusan ɗaya cikin huɗu na waɗanda suka tashi daga gare shi, wasu allurai irin su gentamicin idan aka yi su ba bisa ƙa'ida ba, ƙarar injin niƙa da janareta, sannan tsufa, wanda duk mai roƙon tsawon rai ya san yana tafe tare da abin da ya roƙa.

Malaman usulu sun sharɗanta cewa ba a yin hukunci a kan abu sai an fahimci haƙiƙarsa, saboda haka bari mu fara da tambayar mene ne ji. Galibin mutane suna zaton ni'imar kunne ita ce ɗaukar sauti, alhali babbar ni'imar, wadda ba mu cika gode wa Allah a kanta ba don ba mu san muna da ita ba, ita ce zaɓe. Mai lafiyar kunne yana iya tsayawa a tsakiyar kasuwar Kurmi, dillalai na ciniki, masu baro na neman hanya, mai rediyo ya ƙure murya, amma ya tsamo muryar abokin cinikinsa ita kaɗai daga cikin wannan ruɗani, sauran su zama kamar babu su. In kuma wani ya ambaci sunansa daga baya, nan take ya saki ta farko ya kama ta biyu. Wani masani a Ingila mai suna Colin Cherry ya bi diddigin wannan al'amari da gwaje-gwaje a shekarar 1953, kuma an tabbatar cewa ƙwaƙwalwa tana dogara ne da alamomi masu laushi ƙwarai, kamar ɗan bambancin lokacin da sauti yake isa kunnen dama da na hagu, wanda bai kai kashi ɗaya cikin 1,000 na daƙiƙa ba, da kaurin murya ko kaifinta wanda yake raba wannan mutum da wancan. A 2012 kuma, Nima Mesgarani da Edward Chang a Amurka suka nuna cewa idan aka jiyar da mutum muryoyi biyu lokaci guda, sashen ƙwaƙwalwarsa mai kula da ji yana ɗaukar siffar muryar da ya mai da hankali gare ta, ya dushe ɗayar.

Ma'anar wannan ita ce, ji aiki ne wanda nufi ya shiga cikinsa. Fuƙaha'u sun riga sun hango haka ta wata ƙofa, domin a mazhabar Malikiyya ba a neman sujadar tilawa daga wanda ayar ta faɗa kunnensa yana wucewa, sai daga wanda ya zauna da ƙudurin sauraro da koyo: kunnuwan mutanen biyu sun karɓi sauti iri ɗaya, amma shari'a ta raba hukuncinsu saboda abin da ke cikin zuciya. To, a nan iyakar na'ura take. Tana iya karɓar sauti, ta ƙara masa ƙarfi, ta tace shi gwargwadon hikimar da aka zuba mata, amma ba ta san wanda mai ita yake nufin ya ji ba. Kuma ko da yake masu bincike suna fafutikar ƙera wadda za ta karanta alamun ƙwaƙwalwa ta gane inda hankali ya karkata, wadda ke kunnen dattijon unguwarmu a yau ba ta da wannan basira.

A can cikin kunne akwai wata gaɓa mai siffar katantanwa, a cikinta an jera ƙwayoyin halitta masu gashi-gashi, kimanin 3,500 a sahun ciki da kimanin 12,000 a sahun waje, kowane sashe da irin sautin da yake amsawa, daga mafi kaifi zuwa mafi kauri. Idan waɗannan ƙwayoyi suka mutu ba sa sake tsirowa a jikin ɗan Adam, kuma galibi waɗanda ke ɗaukar sauti mai kaifi su suke fara tafiya. Da yake ƙarfin magana yana cikin wasula, alhali rarrabe kalmomi yana cikin baƙaƙe masu rauni irin su s da sh da f da ts, sai mutum ya wayi gari yana jin ana magana amma ba ya gane abin da ake faɗi. Shi ya sa za ka ji dattijo yana cewa, "Ina jin ku, yaran yanzu ne ba sa buɗe baki." Akwai kuma wani abin mamaki ga irin wannan kunne, wato tazarar da ke tsakanin sautin da ya yi masa ƙasa da wanda ya yi masa yawa takan ƙuntata, har ya zama in an yi masa magana a hankali bai ji ba, in an daka masa tsawa kuma ta soke shi. Na'urar da ake maƙalawa tana gyara wani abu daga wannan, musamman a ɗaki mai shiru, mutum biyu suna fuskantar juna. Na zamani daga cikinsu suna da makirufo biyu domin su fifita abin da ke gaba a kan abin da ke baya, wasu kuma an sa musu dabarun kwamfuta na rage hayaniya. Amma idan hayaniyar ita ma magana ce, kuma daga gaba take fitowa, to na'ura ba ta da hujjar fifita wani harshe a kan wani.

Al'amarin wanda aka yi wa dashe ya fi wannan ban mamaki, ya kuma fi tsanani. Tun 1957 André Djourno da Charles Eyriès suka gwada motsa jijiyar ji da lantarki a birnin Paris. A 1977 a birnin Biyana aka dasa na'urar da Ingeborg da Erwin Hochmair suka ƙera, a 1978 kuma Graeme Clark ya dasa tasa a Melbon ta ƙasar Ostareliya. Hikimar ita ce a tsallake ƙwayoyin da suka mutu, a zura siririyar waya cikin katantanwar kunne, ta riƙa taɓa jijiya da lantarki kai tsaye. Lalle wannan yana cikin manyan abubuwan da Allah ya sanar da ɗan Adam a wannan zamani, domin yaron da aka haifa kurma yana iya tashi yana magana. Sai dai wayar nan bakunan da take taɓa jijiya da su ba su wuce 12 zuwa 22 ba, alhali zaruruwan jijiyar sun kai kimanin 30,000, kuma da yake lantarkin kowane baki yana malala zuwa na kusa da shi, bincike ya nuna yawancin masu dashe ba sa cin moriyar fiye da kamar hanyoyi 8 masu zaman kansu. Misalinsa kamar mace ce aka ba rariya mai manyan idanu aka ce ta tankaɗe gari: in garin mai tsabta ne za a ci tuwo, in kuwa an zuba masa tsakuwa to da ita za a tuƙa. Abin da ya fi wuya ga wannan na'ura shi ne isar da hawa da saukar murya, wanda kuwa ga Bahaushe ba ado ba ne, domin da karin sauti da tsawon wasali muke raba "ya zo" na labarin wanda ya riga ya iso da "ya zo" na umurnin a kira shi.

Duk wanda yake son ganin wannan da idonsa, ya lura da dattijo mai na'ura a wurin ɗaurin aure. An shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, janareta na ruri a gindin katanga, masu babura na wucewa, mutane uku-uku suna gaisawa, yara na rigima a kan alawa. Liman ya sunkuyar da kai yana magana da waliyyai, rawani ya rufe masa rabin baki. Dattijon nan, wanda wataƙila jikarsa ce ake aurarwa, zai karkata kai, ya kafa ido a kan leɓunan liman, ya kai yatsa bayan kunne ya ƙara ƙarfin na'ura, sai ƙarar janareta ta ƙaru tare da komai, ya mayar da ita yadda take. Daga nan sai ya koma kallon hannuwan jama'a: in sun ɗaga ya ɗaga, in sun shafa ya shafa, amin ɗinsa tana zuwa bayan ta kowa. In an juyo an ce, "Ko ba haka ba, Baba?" sai ya yi murmushi ya ce, "Haka ne, madalla," bai san sadaki nawa aka ambata ba. Da ya koma gida zai kwanta da gajiya irin ta wanda ya yi noma, domin ya wuni yana cike gurbin kalmomi da zato. Bayan an yi haka sau da yawa sai ya fara aika uzuri, mutane su ce tsufa ya sa shi ƙin jama'a.

Mai jayayya zai ce, wannan abin tausayi ne, amma shari'a ta riga ta sauƙaƙa: Allah ba ya kallafa wa rai abin da ba ta iyawa, wanda bai ji huɗuba ba Jumma'arsa ta inganta, babu zunubi a kansa. Wannan gaskiya ne, sai dai amsa ce ga wata tambaya daban. Uzuri yana ɗauke laifi daga mai lalura, amma bai taɓa zama hujjar ɗauke nauyi daga masu lafiya ba. Bal ma uzurinsa shi ne sababin da ya sa nauyin ya dawo kansu. Imamu Ahmad ya ruwaito daga Abu Zarri cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da yake lissafa ƙofofin sadaka ga wanda ba shi da dukiya, ya ambaci shiryar da makaho da jiyar da kurma, kuma iyakar da ya sanya wa wannan jiyarwa ita ce fahimtar wanda ake yi wa magana. Ke nan mizanin yana wurin mai karɓa: ba a cewa an isar sai an gane. Haka kuma Anas ya ba da labari, kamar yadda Buhari ya fitar, cewa Annabi yakan maimaita kalma sau uku domin a fahimce ta, Nana A'isha kuma ta siffanta maganarsa da cewa rarrabe take, ba ya jero ta a gurguje, har mai ƙirga yana iya ƙirga ta. Idan wanda aka ba fasahar da ba a ba kowa ba ya ɗora wa kansa wannan wahala, da wane dalili waninsa zai ce shi dai ya faɗa, ya fita? Kuma kowane ɗalibi ya san sababin saukar Suratu Abasa, da yadda aka fifita haƙƙin Abdullahi ɗan Ummu Maktum, makaho mai neman sani, a kan majalisin manyan Ƙuraishawa.

Magabata ba su bar wannan a matsayin wa'azi kawai ba, sun mai da shi tsari. A rashin lafiyar Annabi ta ƙarshe, da muryarsa ta yi rauni, Sayyidina Abubakar ne ya tsaya yana jiyar da mutane kabbara, kuma daga irin wannan ne ladani yake karɓar kabbarar liman har yau. Ibnu Is'haƙ ya ambaci cewa a Arfa, a Hajjin Bankwana, Rabi'atu ɗan Umayya ne yake ɗaga murya yana maimaita wa jama'a huɗuba. Da majalisun hadisi suka cika suka batse a Bagadaza da sauran birane, sai malamai suka ɗauki mustamli, wato mai karɓar lafazi daga bakin shehi ya miƙa wa na nesa, suka kuma gindaya masa sharuɗɗa: ya zama mai farkakken hankali, ya tsaya a tsaye ko a wuri mai tudu, ya isar da lafazin yadda ya ji shi. Sam'ani, wanda ya rasu a shekara ta 562 bayan Hijira, littafi sukutum ya wallafa a kan ladubban wannan aiki. Mu ma a nan muna da sanƙira, wanda yake shelanta wa taro abin da aka ƙulla a tsakiyar tabarma. Dukkan waɗannan sun ginu a kan fahimta guda, cewa nisa da cunkoso matsala ce ta majalisi, majalisi ne kuma zai biya kuɗin maganinta.

Abin sha'awa shi ne, mafi amfanin dabarun da masana suka gano domin masu na'ura wannan tsohuwar hikima ce a cikin sabuwar riga. A fili, duk lokacin da nisa tsakanin baki da kunne ya ninka, ƙarfin murya yana raguwa da desibel 6 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti), alhali hayaniyar wuri tana nan yadda take ko'ina. Saboda haka maganin shi ne a ɗauki maganar tun daga leɓen mai yin ta, kafin ta gauraya, a kai ta kunne kai tsaye. Akwai ɗan makirufo da malami ko liman zai maƙala a wuyan riga, ya aika muryarsa ta iska zuwa na'urar mai sauraro. Akwai kuma waya da ake zagaye ɗaki da ita a haɗa da amsa-kuwwar masallaci ko zauren taro, wadda Joseph Poliakoff ya yi wa rajista a Ingila tun 1937. Duk mai na'urar da ke da ɗan naɗin waya na karɓarta, da ya murɗa sai muryar mai magana ta faɗo masa ita kaɗai, shi ya sa a ƙasar Ingila ake ganin alamar kunne da harafin T a majami'u da bankuna da wuraren sayar da tikiti. A 2022 kuma aka bayyana wata sabuwar hanya ta Bluetooth mai suna Auracast domin irin wannan aiki. Abin lura a nan shi ne, babu ɗaya daga cikin waɗannan da mai raunin ji zai iya yi shi kaɗai. Sai mai magana ya yarda ya rataya, sai kwamitin masallaci ya yarda ya kafa.

Wani zai ce, ai mu mun wadata da lasifika, sai a ƙara mata murya. Wannan kuskure ne mai tsada, kuma yana cikin abubuwan da suka fi cutar da waɗanda ake cewa ana taimako. Masallatanmu na yanzu siminti ne da tayil da gilashi, ga ƙubba a sama, duk abubuwan da suke mayar da sauti. Idan aka ƙure lasifika a irin wannan gini, kowace kalma takan dawo daga bango ta hau kan wadda ke biye da ita, wasali mai ƙarfi ya danne baƙi mai rauni, sai a sami ƙara mai yawa da ma'ana kaɗan. Ga fankoki na kaɗawa, ga lasifikar masallacin da ke bayan layi ta shigo ta taga. Tun 1911 wani likitan kunne a Faransa, Étienne Lombard, ya bayyana cewa mutum yana ɗaga murya ba da saninsa ba idan hayaniya ta ƙaru, wanda ke nufin kowane mai ɗaga murya yana tilasta wa maƙwabcinsa ya ɗaga, har majalisi ya zama kowa na ihu babu mai ji. Abu Dawuda ya ruwaito daga Abu Sa'idu cewa Annabi yana i'itikafi ya ji mutane suna bayyana karatu, sai ya yaye labule ya hana sashensu ya cutar da sashe da ɗaga murya. Idan an hana a dame mutum da karatun Alƙur'ani, ina ga abin da bai kai shi daraja ba?

Daga nan za a gane cewa shiru a cikin taro dukiya ce ta tarayya, kuma wanda ya ɓarnatar da ita daga rabon mafi rauni ya fara ci. Shaihu Halilu a cikin Muhtasar ya tafi a kan haramcin magana lokacin huɗuba ko da ga wanda ba ya jin ta, kuma daga cikin hikimar wannan hukunci akwai cewa surutun na nesa yana yanke wa na tsakiya abin da da zai ji. Masana sun auna abin da wannan hukunci yake karewa. Mai lafiyar kunne yana iya gane magana ko da ƙarfinta ya yi daidai da na hayaniya, amma ga yaro mai raunin ji ana so muryar malami ta ɗara hayaniyar aji da desibel 15, kuma ƙa'idar gina azuzuwa a Amurka ta nemi kada ƙarar aji marar kowa ta wuce desibel 35, kada kuma sauti ya daɗe yana yawo a cikinsa fiye da kashi 6 cikin 10 na daƙiƙa. Sai a kwatanta wannan da ajin Islamiyya mai rufin kwano babu silin, aji uku suna biya karatu lokaci guda, a ce yarinyar da iyayenta suka sayar da gona aka yi mata dashe ta zauna a sahun baya ta rarrabe sin da sad. In ta kasa a ce ba ta da ƙoƙari, alhali ɗakin ne ya ci amanarta.

Akwai kuma kunya, wadda ita ce take rufe wannan ciwo har ya ruɓe. Wasu suna ɓoye na'ura a ƙarƙashin hula ko ɗankwali, wasu suna jefa ta a akwati, wai kada a ce sun kurumce, ko kuma suna ganin sanya ta rashin haƙuri ne da ƙaddara. Wannan shubuha ce mai sauƙin warwarewa, domin Annabi ya umurci Arfajatu ɗan As'ad, wanda aka yanke wa hanci a yaƙin jahiliyya, ya sanya na zinariya. Neman abin da zai maye gurbin gaɓa ba ya cin karo da tawakkali. Malaman tasawwufi suna ba da labarin Hatimul Asammu, mutumin Balhu wanda ya rasu a shekara ta 237 bayan Hijira, cewa ba kurma ba ne, wata mace ce ta zo tambayarsa sai iska ta kuɓuce mata, ya ce ta ɗaga murya, ya nuna kamar ba ya ji, domin ya suturta ta. Shi mai ji ne ya ari kurumta domin ya ɗauke wa wata kunya. A majalisunmu kuwa al'amarin ya juye, mai raunin ji ne yake aron ji, yana gyaɗa kai yana cewa madalla, domin ya ɗauke mana wahalar maimaitawa. Mai rauni yana yi wa mai ƙarfi sadaka, mai ƙarfi bai ma san an yi masa ba.

Ba na cewa mai na'ura ba shi da nasa rabon. Wajibinsa ne ya faɗi lalurarsa ba tare da jin nauyi ba, ya nemi sahun gaba, ya kula da batir, ya koma wurin masana a daidaita masa ita, ko a asibitocin koyarwa ko a Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa da aka kafa a Kaduna a 1999. Haka kuma akwai kurame waɗanda harshensu maganar hannu ce, su haƙƙinsu tafinta ne, kuma ba daidai ba ne a tilasta musu hanyar da ba tasu ba. Amma abin da ya hau kan sauran jama'a kashi biyu ne. Na farko, a ganina, ya shiga babin farillar kifaya a kan masu riƙe da masallatai da makarantu da zaurukan taro: a nisanta janareta, a shimfiɗa darduma, a rataya labule, a sa silin, a rarraba ƙananan lasifika masu sassauƙar murya maimakon babba guda mai tsawa, a haskaka fuskar mai huɗuba, a tanadi makirufo mai aikawa ga na'ura inda hali ya samu. Dokar hana wariya ga masu nakasa, wadda aka sa wa hannu a Nijeriya a watan Janairu na 2019, ta zo ne ta tarar da wannan nauyi a wuyanmu. Na biyu ladabi ne na kowane mutum a kan kansa: ka kira sunansa kafin ka fara, ka fuskance shi, ka janye hannu daga baki, ka gaya masa a kan me ake magana, a riƙa yi ɗaya bayan ɗaya, in bai gane ba ka sake jumlar da wasu kalmomi maimakon ka daka masa ita da ƙarfi.

Akwai kalma guda wadda ya kamata a kiyaye harshe daga gare ta fiye da kowace, ita ce idan ya ce, "Me aka ce?" a amsa masa da, "Bar shi kawai, ba wani abu ba ne." Mai faɗin haka yana jin ya sauƙaƙa, alhali ya yanke hukunci ne cewa ɗan'uwansa bai cancanci wahalar numfashi biyu ba, ya kuma naɗa kansa alƙalin abin da ya dace wani ya sani. Da irin wannan ake fitar da mutum daga shawarar gidansa, da raha, da ilimi, yana zaune a tsakiyar mutane. Kuma tun da an tabbatar cewa zaɓen murya daga cikin muryoyi shi ne abin da ciwo ya ƙwace, shi ne kuma abin da na'ura ba ta iya mayarwa dukkansa ba, to babu wanda ya rage ya yi wannan zaɓe a madadinsa sai mutanen da ke wurin, ta hanyar yin shiru idan wani yana magana da bayyana lafazi idan su ke yi. Wanda ya yi haka ya sami ladan sadaka ba tare da ya taɓa aljihu ba, wanda ya ƙi kuma ya sani cewa ji yana cikin abubuwan da Alƙur'ani ya ce za a yi tambaya a kansu, kuma mai cikakken ji shi ya fi kusa da a tambaye shi me ya yi da shi. Allah ya jiyar da mu alheri, ya sa mu jiyar da shi ga waninmu, ya ba marasa lafiyarmu lafiya. Wallahu a'alamu.